Girma da Daula a Ma'aunin Tarihi, Adabi da Kasuwanci

Kalmar "girma" tana daga cikin kalmomin Hausa masu ɗaukar kaya da yawa. Idan aka ce yaro ya girma, ana nufin jikinsa da shekarunsa sun ƙaru. Idan aka ce gari ya yi girma, ana maganar faɗinsa ne da yawan jama'arsa. Amma da zarar an ce an ba wane girma, ko wane ya zubar da girmansa, to an bar fagen awo an shiga fagen mutunci. Girma na farko ana iya auna shi da igiya ko da mudu. Na biyun kuwa mutane ne ke bayar da shi, kuma suna iya janye abinsu ranar da suka ga dama. Wanda ya ɗaukar wa kansa ba tare da an ba shi ba, Hausa ta tanadar wa halinsa suna na daban, wato girman kai, wanda aka ce rawanin tsiya ne. Haka nan da Bahaushe ya ce babba juji ne, ya nuna cewa a wurinsa babba shi ne wanda ake jibga wa kaya ya ɗauka bai yi ƙorafi ba.

Kalmar "daula" kuwa aro ce daga Larabci. Tushenta a can yana ɗauke da ma'anar juyawa da karɓa-karɓa, yau ga wannan gobe ga wancan. Lokacin da Abbasiyawa suka kawar da Umayyawa a shekarar 750 Miladiyya, sun kira mulkinsu daula ne don nuna cewa juyi ya zo kansu. Da tafiya ta yi nisa sai kalmar ta zama sunan gwamnati da ƙasar da take mulka. Da ta shigo Hausa sai ta zauna da wata ma'ana ta biyu: idan aka ce wance tana cikin daula a gidan mijinta, ana nufin wadata da hutu da jin daɗi. Ke nan kalma guda ta haɗa mulki mai faɗi da jin daɗin da ke biyo bayansa, a ƙarƙashinta kuma akwai tunin cewa abin na ɗan lokaci ne.

Matsalar da ke tattare da yadda ake koyar da tarihin manyan dauloli, da yadda ake yabon manyan attajirai, ita ce an cakuɗa girman nan guda biyu. Ana auna faɗin ƙasa ko yawan dukiya, sannan a miƙa wa mai su girma irin na mutunci, kamar dai na farkon yana haifar da na biyun. Ba ya haifarwa. Abin da ya sa wannan cakuɗawa ta daɗe shi ne, a mafi yawan zamunna mai riƙe da alƙalami a gidan mai riƙe da takobi yake cin abinci.

Laƙabin "Mai Girma"

Wanda ya fi kowa shahara da wannan laƙabi a tarihin Turai shi ne Iskandari na Makidoniya. (Ba Zulƙarnaini ake nufi ba a nan, malamai irin su Ibn Kasir sun rarrabe tsakanin mutanen biyu.) Cikin shekara 13 na sarautarsa ya ci ƙasa tun daga Girka da Masar har bakin Indiya, ya rasu a Babila a shekarar 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yana ɗan shekara 32. Wannan shi ne abin da kowane littafin makaranta ke kawowa. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne birnin Tibis da ya rushe a shekarar 335, inda marubutan da suka ce an sayar da mutane kimanin 30,000 a kasuwar bayi, da kuma fadar sarakunan Farisa da ya ƙona a 330. Majusawan Farisa sun daɗe suna kiransa la'ananne a littattafansu. Sunan da mutum zai samu ya danganta ne da ɓangaren da mai rubutu ya tsaya lokacin da dawakin suka wuce.

Shi kansa Iskandari ya san darajar alƙalami. Ya tafi yaƙi da marubucin fada mai suna Kalistinis, ɗan'uwan malaminsa Aristotal, wanda aikinsa shi ne aika labarin nasarori gida. Ranar da marubucin ya ƙi amincewa da al'adar faɗuwa ƙasa a gaban sarki sai dangantaka ta yi tsami. Ba a daɗe ba aka zarge shi da hannu a wani makirci, aka kama shi, bai fito da rai ba. Daular ma ba ta wuce mai ita ba. Sarakunan yaƙinsa suka yayyaga ta a tsakaninsu, aka kashe ɗansa yana yaro.

A Afirka ta Yamma sunan da ake fara ambata shi ne Mansa Musa na Mali. Hajjinsa na shekarar 1324 ya girgiza Alƙahira. Masanin nan al-Umari, wanda ya zo birnin bayan shekara 12, ya tarar har lokacin ana labarin yadda darajar zinariya ta faɗi saboda yawan wadda baƙon ya rabar. A 1375 masu zanen taswira a tsibirin Mayorka suka zana shi zaune da curin zinariya a hannu, kuma wannan hoton ne ke yawo yanzu a intanet tare da iƙirarin cewa ba a taɓa yin mai arziki kamarsa ba. Iƙirari ne marar ma'auni, domin babu wanda ya ƙirga dukiyar. Abin da marubutan Larabawa suka ruwaito shi ne guzurin ya ƙare kafin ya koma gida, har sai da ya ci bashi a wurin 'yan kasuwar Masar. Dubban bayi da barorin da suka ɗauki kayan, da masu haƙar zinariyar a Bambuk da Bure, ba a adana sunayensu ba. Daga dukkan abin da ya kashe wa kuɗi, wanda ya fi daɗewa shi ne masallacin Jingarebar na Tambutu da aka gina a wajejen 1327, shi ma yana tsaye ne har yau saboda mutanen gari suna taruwa su yi masa yaɓe.

Abin da Ibn Khaldun ya hango

Da wuya a sami wanda ya yi wa wannan al'amari nazari mai zurfi kamar Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya yi wa sarakuna da dama aiki a Magrib da Andalus, an ɗaukaka shi, an kuma ɗaure shi, saboda haka ya ga fada daga ciki. A cikin Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, ya bayyana cewa abin da ke kafa daula shi ne asabiyya, wato haɗin kan jama'ar da suka sha wuya tare har kowa yana shirye ya mutu saboda ɗan'uwansa. Waɗanda suka kafa daula sun san yunwa da zafin rana. 'Ya'yansu sun ji labari daga bakin iyaye, suna kuma riƙe da wani abu na halin. Jikoki kuwa a cikin daula aka haife su, daula a ma'anarta ta biyu, ba su san yadda aka samo ta ba. Sai su ɗauko sojan haya su tsare musu ita, su ƙara haraji don biyan sojan da kuɗin shagali. Ya ƙiyasta tsawon wannan zagaye da zuriya uku, kimanin shekara 120. Ya kuma lura cewa a farkon daula haraji mai sauƙi ne amma abin da ke shiga baitulmali yana da yawa, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi abin da ake samu ya ragu, domin manomi da ɗan kasuwa sun karaya.

Ba lallai ne a karɓi lissafin shekarun a matsayin doka ba, domin daular Usmaniyya ta Turkiyya ta haura shekara 600, gidan sarautar Saifawa na Kanem da Borno kuma ya fi haka daɗewa. Amma maganar haraji da shagali tana da shaida ko a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ruwaito cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) harajin da aka ɗora wa kasuwar Kurmi ya yi tsananin da ya kusa kashe ta, Larabawa suka koma Katsina, talakawa suka gudu ƙauyuka. Kumbari jarumi ne a fagen fama, marubucin tarihin bai hana shi wannan yabo ba. Sai dai kasuwar da ya gada tun daga zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ita ce ta biya kuɗin jaruntar.

Songhai ta ba da misali mafi muni. Askiya Muhammadu ya karɓi mulki a 1493, ya faɗaɗa daula, ya girmama malamai. A 1528 ɗansa Musa ya tuɓe shi yana tsoho makaho, daga nan rikicin gadon sarauta ya zama ciwon gidan, har ya kai ga yaƙin basasa a 1588. Bayan shekara uku, rundunar Maroko ta 'yan dubbai kaɗan, ɗauke da bindigogi, ta ratso Sahara ta watsa sojan Songhai a Tondibi a 1591. An cika cewa bindiga ce ta ci Songhai, amma bindigar ta tarar da gidan a tsage ne. Shi kuma Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ya sami laƙabin "mai zinariya" daga wannan yaƙi, ya kwashe malaman Tambutu a ɗaure zuwa Marrakesh, ciki har da Ahmad Baba wanda aka wawashe masa littattafai kimanin 1,600.

Wani abin da ya bambanta daular Sakkwato da dauloli da yawa shi ne, gargaɗin ya fito ne daga cikin gida tun ba a gama yaƙi ba. An fara jihadi a 1804. A wajejen 1807, tun kafin Alƙalawa ta faɗi, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto, ya bar sansani da niyyar tafiya gabas, saboda ya ga wasu daga cikin mayaƙa sun fara karkata ga muƙami da dawaki da tufafin alfarma. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkami kan yadda ya kamata a gudanar da mulki, sannan ya koma. Idan ana neman girma irin wanda Bahaushe ke nufi a tarihin wannan daula, to yana wurin mutumin da nasara ta zo masa ya ji tsoronta. Abin takaici ne cewa darussan tarihi sun fi ba da lokaci ga jera garuruwan da aka ci da masu tutoci fiye da wannan tafiya ta Abdullahi.

Alƙalami da taushi

Kowace daula tana da mawaƙanta. Makaɗin fada a ƙasar Hausa, irin su Narambaɗa da Sarkin Taushin Katsina da Musa Ɗanƙwairo, yana kiran ubangidansa giwa ko zaki ko dutsen da ya gagari masu haƙa, yana yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. Babu laifi a cikin wannan, domin makaɗin bai taɓa cewa shi alƙali ne ba, masu sauraro kuma sun san ƙa'idar fasahar. Sun san cewa an ba shi doki da riga, sun san gobe idan ɗan sarkin da aka yi wa zambo ya hau gado zai iya zama giwa shi ma. Kiɗan da kansa yana sanar da mai ji cewa yabo ake yi. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka cire taushin, aka rubuta yabon a takarda, aka kira shi tarihi.

Rumawa sun ƙware a wannan. Mawaƙinsu Virgil, wanda ya rasu a shekarar 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tsara doguwar waƙarsa ta Aeneid a ƙarƙashin inuwar Sarki Augustus, inda ya nuna cewa mulkin duniya ƙaddara ce da aka rubuta wa Rum tun kafin a kafa ta. Waƙa ce mai kyan gaske, kuma kyawunta ne ya sa ta yi tasiri. An yi ƙarnuka ana koyar da ita a makarantun Turai, waɗanda suka fita mulkin mallaka da yawa a kanta suka tashi. A 1899 marubucin Ingila Rudyard Kipling ya wallafa wata waƙa yana kiran Amurka da ta karɓi mulkin tsibiran Filifin, yana siffanta mamaye ƙasar wasu a matsayin nauyi da farar fata ke ɗauka don taimakon waɗanda aka mamaye. A nan ne wayon yake: an ɗauki siffar juji, wato babba mai ɗaukar kaya, an yafa wa wanda ya zo kwasar kayan.

Amma adabi ne kuma ya fi iya tona wannan asiri. A ƙarshen littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart (1958), bayan mai karatu ya bi rayuwar Okonkwo tun daga ƙuruciyarsa har mutuwarsa, sai aka nuna jami'in mulkin mallaka yana tunanin cewa labarin mutumin zai iya cika ɗan sakin layi a littafin da yake shirin rubutawa. Da wannan Achebe ya nuna yadda tarihin daula ke taƙaita mutum. A adabin Hausa ma akwai irin wannan, kuma ya riga na Achebe fitowa. Littattafan da suka fito daga gasar 1933 sun haɗa da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya ɗauki salon jarumi mai kirari da takobi, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya kalli zamanin hare-haren bayi ta idon yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Ɗalibin da ya karanta su biyun tare zai ga zamani guda daga sama da kuma daga ƙasa. Na biyun ya fi wuyar rubutawa, domin babu fadar da ke ba da doki a kan irinsa.

Daular 'yan kasuwa

A yau an saba jin ana cewa wane ya kafa daular kasuwanci, littattafan koyon kasuwanci kuma cike suke da kalmomin yaƙi: cin kasuwa, kare iyaka, murƙushe abokin hamayya. Mutane suna ɗauka kwatance ne kawai. Tarihi ya nuna cewa akwai lokacin da kamfani da daula abu guda ne.

Kamfanin East India ya sami takardar izini daga Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a ranar ƙarshe ta shekarar 1600 don cinikin kayan yaji. A 1757 ma'aikacinsa Robert Clive ya ci yaƙin Plassey, a 1765 kamfanin ya karɓi ikon tara haraji a Bengal da Bihar da Orissa. Bayan shekara biyar yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Bengal, kamfanin kuwa bai sassauta karɓar haraji ba. Duk da haka a 1772 sai ga shi a gaban gwamnatin Ingila yana roƙon bashi don kada ya durƙushe. A farkon ƙarni na 19 yana da soja fiye da 200,000, adadin da ya zarce na sojan Ingila kanta. Sai bayan boren 1857 ne gwamnati ta karɓe Indiya daga hannunsa a 1858. Masu hannun jari a Landan sun ga girma a littafin lissafi. Manomin Bengal wani abu daban ya gani.

Wannan salo ne aka kawo bakin kogin Kwara. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin a 1879, a 1886 ya sami takardar izinin sarauta, kamfanin ya koma Royal Niger Company, da sojansa da kotunansa da harajinsa. Ya toshe wa 'yan kasuwar Nembe hanyar kasuwannin da suka gada, har yunwa da fushi suka sa suka kai hari hedikwatarsa ta Akassa a watan Janairun 1895. Da gwamnatin Ingila ta karɓe ikon a ƙarshen 1899, ta biya kamfanin fam 865,000, ta kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki har shekara 99. Wato an yi cinikin ƙasa da mutanenta tsakanin kamfani da gwamnati ba tare da masu ƙasar sun sani ba. Lugard, wanda ya taɓa yi wa kamfanin aiki a Borgu a 1894, shi ne ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yuli. A jawabinsa na Sakkwato Lugard ya kafa hujja da cewa kamar yadda Fulani suka sami mulki da yaƙi, haka ya koma hannun Ingila da yaƙi. Ma'aunin ƙarfi ke nan. Duk wanda ya yarda da shi ranar da yake sama, ba shi da bakin magana ranar da ya koma ƙasa.

Attajiran ƙasar Hausa ba su riƙe takobi ba, amma su ma sun sami mawaƙa, kuma juyi bai ƙyale su ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja da Kumasi, ya gane amfanin jirgin ruwa tsakanin Ankara da Ikko tun wasu suna bin ayari. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912 ya juya ga gyaɗa, ya zama babban dillalin Kamfanin Neja, har ana ɗaukarsa mafi arziki a Afirka ta Yamma lokacin rasuwarsa a 1955. Dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, suka share dalar baki ɗaya. Gidan Ɗantata ya tsira domin bai dogara ga haja guda ba, kuma zuriyarsa ta ci gaba da kasuwanci. Aliko Ɗangote, mai matatar man da aka ƙaddamar a Legas a 2023, tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Amma gidan Ɗantata togaciya ne. A kowane babban gari na Arewa akwai sunayen attajiran da aka yi wa waƙa shekara arba'in da suka wuce, waɗanda a yau ko shago guda ba ya ɗauke da sunansu. Wasu suna ɗora laifin a kan rabon gado, alhali gado hakki ne da ake iya bayarwa a hannun jari ba tare da an wargaza kamfani ba. Ainihin ciwon shi ne lissafin yana cikin kan maigida, amanar abokan ciniki tana rataye a wuyansa shi kaɗai, yaran da suka yi masa hidima shekara talatin ba su da kaso, 'ya'yan kuma a cikin daula suka tashi. Ibn Khaldun ba zai yi mamaki ba.

Manyan kamfanonin duniya ma ba su kuɓuta ba. Wani injiniyan Kodak ne ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, amma kamfanin ya ji tsoron kada ta kashe masa cinikin fim, a 2012 ya bayyana karyewarsa. Nokia, wadda wayarta ta cika aljihun 'yan Nijeriya bayan shigowar wayar salula a 2001, tana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na kasuwar duniya a 2007. A 2014 ta sayar wa Microsoft da sashen wayoyinta.

Hujjar masu kare dauloli

Akwai masu cewa wannan hukunci ya yi tsauri, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa dauloli ne suka haɗa ƙananan ƙasashe masu yaƙi da juna, suka tsare hanyoyi, suka yaɗa rubutu da shari'a. Daular Sakkwato ta buɗe kasuwa mai faɗi wadda ta sa rinin Kano da saƙarta suka kai har Tambutu da Tarabulus. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo, sun kafa Hukumar Fassara, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kuma rubutun boko da ake karanta wannan shafi da shi a zamaninsu ya kafu. Duk wannan gaskiya ne, ɓoye shi rashin adalci ne.

Sai dai ya kamata a rubuta lissafin da shafinsa biyu. Dogon da ya taso daga Baro zuwa Kano an gina shi ne da aikin tilas na talakawan da aka ɗebo ta hannun sarakuna, kuma an shata shi ne don ya kai auduga bakin teku. Wadatar ƙarni na 19 ta tsaya a kan rinji da gandun da bayi ke nomawa. Wanda ya ambaci ribar ya bar waɗanda suka biya, aikin maroƙi ya yi, ko da kuwa yana da digiri. Sa'annan yawancin abubuwan alherin da ake jingina wa dauloli wasu mutane ne suka yi su a gefen fada. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ba ta ci gari ko ɗaya ba, amma tsarin 'yan taru da ta kafa, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauye, ya rayu bayan faɗuwar daular da aka kafa shi a cikinta.

Harshen Hausa kansa shaida ne. Babu wani sarkin Hausa da ya ci Asante ko Gwanja da yaƙi, amma ana jin Hausa a zangon Kumasi da Nima ta Ankara da unguwar Briketeri ta Yawunde. Fatake masu jakuna da goro da kanwa ne suka kai ta, tare da almajiran da ke bin ayari, da alhazan ƙafa da suka yada zango a Chadi da Sudan, da kuma waɗanda suka yi hijira bayan Burmi suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Kaɗan ne daga cikinsu tarihi ya riƙe sunansu. Ɗaya daga ciki shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a tsakiyar ƙarni na 19, ya bi hanyar fatake zuwa Salaga, yaƙin basasar garin na 1892 ya tashe shi ya koma Kete-Krachi. A can ya zama limami, ya karantar da ɗalibai, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, ciki har da waɗanda suka bayyana zuwan Nasara garuruwa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mutanen ƙasa suka gan shi. Ya rasu a can a 1934, ƙasar tana ƙarƙashin Ingila bayan ta fita daga hannun Jamus.